Tarihin Katagum a Kan Sikelin 'Yan Gwangwan

A dogon hutun da ya wuce na cika wa jikata alkawarin kai ta Kano. Ta ci jarrabawa, ta kuma ishe ni da gori wai angon nata marowaci ne, ko gadar Jama'are bai taɓa tsallakar da ita ba. Shekarunta goma sha ɗaya, ni kuwa na ba saba'in baya, amma in muka haɗu gidan ba ya zama lafiya. Muka yi sammako daga tashar Azare, muka bi ta Jama'are da Wudil, kafin azahar mun shiga birni. Ita hankalinta yana Kantin Kwari. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koyar da tarihi da alli a hannu, na ce ko ƙyalle ba za a saya ba sai mun biya ta Gidan Makama.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, gidan yana daura da fadar Sarkin Kano, ginin ƙasa ne mai kaurin bango, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Yanzu hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke riƙe da shi. Kana barin ranar waje ka sa ƙafa a soro, sanyi zai ratsa ka ba fanka ba komai. Ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa da ƙarfe a jikinsu, ga hotunan zuwan Turawa a 1903, ga labarin basasar Tukur da Yusufawa, ga ɗakin amarya da jerensa. Amaryar tawa dai tana biye da ni tana hamma, tana jan silifa. Sai da muka iso wurin kayan doki ta tsaya cak, ta ja hannun rigata.

"Kaka, ai ga abin da Iya take tokare ƙofar akurki da shi!"

Na duba. Likkafa ce ta tagulla, irin mai faɗin nan da ƙafa ke shiga gaba ɗaya, da zane a gefenta. Jami'in da ke zagayawa da mu ya yi murmushi ya ce, "Baba, da gaske kuna da irinta a gida?" Na ce masa, "Da dai biyu ne." Kunya ta hana ni ƙarasa masa zancen, amma ku zan ƙarasa muku.

Likkafun kakan babanmu ne, wanda aka ce yana cikin barade tun fada tana tsohon garin Katagum. Suna cikin wani ɗaki a gidanmu na gado tare da linzami, da butar tagulla, da guntun sulke da tsatsa ta haɗe zobbansa. Shekara shida da suka wuce wani yaro cikin 'ya'yan 'yan'uwa ya ji 'yan gwangwan suna kira a bakin layi. Ya shiga ɗakin ya kwaso abin da hannunsa ya kai, aka zuba a buhu, aka rataya a ƙugiyar sikeli, aka biya shi da kilo. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe daraja a wurinsu, don haka har murna ya yi. Kuɗin bai wuce na katin waya da ɗan canji ba. Likkafa ɗaya ta tsira ne saboda tana bakin aiki a ƙofar akurkin yayata Iya. Kaji suka cece ta.

Ban ɗaga wa yaron murya ba, domin laifinsa kaɗan ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce wannan kaza ne, wane ya hau da shi, ga inda ya je. Idan akwai mai laifi a gidan nan, ni ne. Na koya wa 'ya'yan mutane Mansa Musa da Askiya Muhammadu, na zana musu taswirar Mali da Songhai a allo har hannuna ya saba, na bar likkafar gidanmu a bakin akurki. A cikin adakar da ke ɗakin nan kuma akwai takardu a gafaka, wasiƙu da rubuce-rubucen ajami. Ranar da na buɗe, gara ta riga ni. Na ɗaga takarda ta zube a hannuna kamar dusa.

Abin da nake son faɗa bai da tsawo. Ƙasar Katagum tana buƙatar gidan tarihinta a Azare, kuma kuskure ne mu naɗe hannu muna jiran Abuja ta gina mana.

Kada a ɗauka raina gidajen tarihin ƙasa nake yi. Na shiga na Jos, wanda aka buɗe a 1952, na ga kawunan yumɓu na Nok. Na shiga na Legas, da aka buɗe a 1957, na tsaya gaban motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ramukan harsashi suna nan a jikinta, na kuwa daɗe ban iya cewa komai ba. Na je na Katsina a ginin tsohuwar kwalejin da ta yaye su Sardauna. Na je kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi na ga 'yan kayansa, waɗanda ƙarancinsu kaɗai ya isa wa'azi ga masu mulkin yau. Duk wanda ya samu hali ya kai iyalinsa, ba zai yi da-na-sani ba. Sai dai gidan tarihin ƙasa labarin ƙasa yake bayarwa, labarin ƙasa kuwa da manyan birane ake ba da shi. Ba laifin Gidan Makama ba ne don bai ba da labarin Shira ba, ba don haka aka kafa shi ba. Sannan daga Azare zuwa Kano ko Bauchi tafiyar kusan sa'a uku ce a mota. Da kuɗin motar yanzu, wane hedimasta ne a Madara ko Chinade ko Udubo zai kwashi aji guda ya kai su? Yaran nan za su gama sakandare ba su taɓa ganin wani abu da ya girmi kakansu an ajiye shi da daraja ba.

Na san akwai mai cewa, to mu me muke da shi da za a ajiye? Wannan tambayar ita ce cutar. Bari mu ɗan duba.

Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin Katagum wajen 1810, ya kai yaƙi har Birnin Ngazargamu, hedikwatar Borno ta wancan zamani, ya rasu a 1814. Sarakunanmu na farko da laƙabin Sarkin Borno aka san su, kuma sunan Guddiri da muke tinƙaho da shi daga kirarin ƙaramar Borno ya samo asali. A watan Janairun 1824 Turawan Birtaniya biyu, Clapperton da Likita Oudney, suka sauka a Katagum daga Kukawa, zamanin Sarki Ɗankauwa. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da gari mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, tsayin ganuwar ya kai ƙafa 20, mutanen ciki ya ƙiyasta su 7,000 zuwa 8,000. Ya kuma ce tun da suka baro Borno, a Katagum suka fara ganin ana ciniki da wuri. Ka ji wannan: iyakar kuɗin wuri ta gabas a wancan lokaci a kasuwarmu take. Oudney bai kai Kano ba, ya rasu a Murmur ranar 12 ga Janairu, a nan ƙasarmu aka binne shi. An buga wannan labari a Landan tun 1826, mutanen Ingila suka karanta siffar ganuwar Katagum shekara kusan ɗari biyu da suka wuce. Yau tara ɗaliban aji shida a Azare ka tambaye su ƙofa nawa ganuwar take da shi, ka ga yadda za su kalli juna.

Turawa suka ci ƙasar a 1903 suka sa mu a lardin Kano. A 1916 aka taso da fada daga Katagum zuwa Azare, a 1926 kuma aka mayar da mu lardin Bauchi. Wannan ƙaura ita ta haifar da ruɗanin da na sha fama da shi a aji: Azare ce hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum, garin Katagum kuwa shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Yara su haddace don jarrabawa, su manta bayan mako. Da akwai ɗaki guda da taswira a bango da hoton tsohuwar fada, da kallo ɗaya ya wadatar.

Amma tarihin ƙasar nan bai fara da tuta ba, kuma a nan nake so masu shirya irin wannan gida su yi adalci. Kafin Malam Zaki akwai Shira, akwai Teshena, akwai Auyo, kowacce da sarautarta da harshenta. Shiranci da Teshenanci da Auyakanci duk sun mutu, Hausa ta haɗiye su. Jikokinsu suna nan cikinmu, wasu ma mu ne, amma ba mai iya gaisuwa da harshen kakansa. A duwatsun Shira akwai zanen shanu da mutane da jan launi a jikin dutse, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin jerin wuraren tarihin ƙasa. Mutum nawa ne a Yana ko Disina suka taɓa hawa suka gani da idonsu? Can gabas da mu kuma, a Dufuna ta jihar Yobe, kusa da Komadugu Gana, wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da itace. Da masana suka tono, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, babu wanda ya girme shi a duk Afirka cikin waɗanda aka gano. Yana Damaturu a ajiye. Da makiyayin nan ya faskara shi ya hura wuta, da shi ke nan. Ya kai rahoto ne kawai. Komadugu Gana ɗin nan shi ne kogin da ya ratso ta Misau, maƙwabtanmu. Wa ya san abin da masu haƙar rijiya da masu ɗibar yashi a kogin Jama'are suke turowa da shebur su watsar?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, manyan rubuce-rubucen da ake komawa gare su kan tarihinmu baƙi ne suka yi. Wani jami'in mulkin mallaka, Fremantle, ya buga tarihin yankin Katagum a 1911. Wani Ba'amurke, Victor Low, ya zo ya zauna da dattawa a Gombe da Katagum da Haɗeja, ya fitar da littafinsa a 1972. Allah ya saka musu, sun yi nasu. Dattawan da Low ya durƙusa a gabansu da wuya a samu ɗaya a raye. A 2017 muka rasa Sarki Muhammadu Kabir Umar bayan shekara 37 a kan gado, kuma duk sarkin da ya tafi yana tafiya da wani sani wanda ba a takarda yake ba. Haka maroƙan fada da masu tambari da tsofaffin da suka san salsalar kowace sarauta. Ƙasar da ta haifi Alhaji Sule Katagum, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar ma'aikatan tarayya, da Alhaji Aminu Saleh da ya riƙe sakataren gwamnatin tarayya, ba za a ce ta rasa masu ilmi ko masu faɗa a ji ba. Takardun irin waɗannan mutane da hotunansu su ma tarihi ne, na jiya-jiyan nan, kuma gara ba ta san babban mutum ba.

Da na kawo wannan magana a majalisarmu ta bayan la'asar, wani abokina malami ya ce, "Malam, gidan tarihi ai gidan gumaka ne." Na ce masa, "Allah gafarta Malam, wane gunki ne a jikin likkafa? Wane gunki ne a Alƙur'anin da kakanka ya rubuta da hannunsa da tawadar da ya dafa da kansa?" Addinin nan ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Mutanen Sakkwato, da ba za mu fi su riƙo da koyarwar Shehu ba, suna da cibiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu, cike da takardu da kayan yaƙi. Mafi yawan abin da ke ɗakunanmu na gado littattafai ne da kayan sana'a da kayan doki. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma akwai wata gafaka a gidansu da ya daɗe bai buɗe ba.

Wani kuma ya ce ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta tsofaffin ƙarafa? Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, ba kuma zan ce gidan tarihi zai sauke farashin masara ba. Amma yunwar nan ita ce ke fitar da kayan zuwa sikeli, ita ce dalilin gaggawar. Hanya da asibiti in ba a yi bana ba a yi baɗi. Butar tagullar da aka narkar ba ta dawowa ko an samu kuɗin duniya. Kuma ba ginin biliyoyi nake nufi ba, irin wanda za a yi bikin aza harsashi a yanka kyalle a watse. Soro biyu ko uku na ƙasa, a gyara rufi kada ya yi yoyo, a sa akwatunan gilashi da kafintocin Azare za su iya haɗawa, a ɗauki mutum biyu masu amana. A Yamai na ga gidan tarihin Boubou Hama, wanda aka kafa tun 1959: a cikin harabarsa maƙera da dukawa da masaƙa suke zaune suna aiki suna sayarwa, yara suna ta shiga da fita kamar kasuwa. Me zai hana a ba tsofaffin masaƙanmu da majema rumfa a irin wannan wuri, su samu na cefane, yara su ga yadda ƙoshiya ke gudu a tsakanin zare kafin mai sana'ar na ƙarshe ya kwanta dama?

Magana ta uku ba a faɗa ta a fili, amma ita ce ta gaskiya: mutane ba su yarda su miƙa kayan gadonsu ga hukuma ba. Suna da hujja. Kowa ya san labarin abin da aka karɓa da sunan ajiya ya yi ƙafa. Shi ya sa nake ganin masarauta ce ya kamata ta ja gaba, domin har yau talaka ya fi sakin jiki da fada a kan ofis. A yi tsarin ajiya, ba kyauta ba. Ka kawo takobin kakanka, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan gidanku a jikinsa, a ba ka takarda da sa hannun hakimi da shaidu, ranar da kake so ka karɓi abinka. Wanda bai yarda ya rabu da takardunsa ba, a je har gida a ɗauki hotonsu shafi-shafi, wayar hannu ma ta isa wannan aiki in an koya wa mutum. Muna da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a nan Azare, muna da Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau. Ɗaliban tarihi da na Hausa da na Larabci da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga aiki a ƙofar gidansu: kowa ya ɗauki gari guda, ya zauna da tsofaffinsa, ya naɗi muryarsu, ya kawo kwafi a ajiye.

Akwai doka ma da mutane ba su sani ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki kayan fasaha da na sana'ar gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsu barkatai da fitar da su waje ba izini. Ke nan duk abin da aka taso da shi daga tsohon gari a ƙaurar 1916 yana ƙarƙashin wannan kariya. Ɗan gwangwan bai sani ba, mai sayarwa bai sani ba, mai unguwa ma da wuya ya sani. Muna ta murna a 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Najeriya kayan tagullar Benin da sojan Birtaniya suka kwashe a 1897. Su an ƙwace musu ne da bindiga, shi ya sa suke da bakin neman a dawo musu da shi. Mu da muka ɗora namu a sikeli da hannunmu, wa za mu kai ƙara?

Sharaɗi ɗaya nake da shi, ko da zai ɓata wa wasu rai. Kada gidan ya zama jerin hotunan sarakuna da alkyabba kaɗai. Sarakuna suna da wurinsu, babba ma. Amma a sa mazarin kakata da abawarta da taskirar audugarta. A sa garmar manomi, da koma da gorar masunta na bakin kogi, da akushi, da faifan da ake jere da shi, da ƙwaryar nonon Fulani mai zane. A ba Shirawa da Teshenawa bangonsu, a faɗi cewa cin su aka yi da yaƙi. A faɗi cewa an yi bauta a ƙasar nan, an sayar da mutane a kasuwanninmu, kamar yadda aka yi a sauran ƙasashen wancan zamani. Yaran yanzu suna da waya, abin da ka ɓoye musu za su ji shi a bakin wanda ba ya ƙaunarka. Bayanin kowane kaya kuma a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, Turanci ya biyo baya. Na ga tsofaffi a gidajen tarihi suna tsaye gaban kayan kakanninsu suna jiran yaro ya fassara musu abin da aka rubuta a kai.

Da muka dawo daga Kano, jikata ba ta ko cire mayafi ba ta wuce gidan Iya. Ta ciro likkafar daga bakin akurki, ta sa rabin bulo a madadinta, ta zauna da toka da lemon tsami tana gogewa har zanen ya fito, wasu 'yan ganyaye da layuka masu sarƙa da ni kaina ban taɓa lura da su ba. Iya tana ta faɗa wai an lalata mata ƙofa. Yarinyar ta kawo mini ta ce, "Kaka, a ina za mu kai ta?" Na ce ta bari tukuna. Yanzu tana cikin akwatina a naɗe da tsohon rawani.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruq na Biyu, da 'yan majalisarsa, Allah ya ja zamaninsu, su ware mana soro ko da guda ne a fara. Ina kira ga 'ya'yan Guddiri da ke Abuja da Kaduna da Legas su ɗauki nauyin akwatuna da albashin masu kula na shekarar farko. Kai kuma mai karatu, kafin ruwan bana ya sauka, shiga ɗakin nan da aka daɗe ba a buɗe ba, ka ɗaga adakar daga ƙasa, ka kira yaran gidan ka gaya musu na wane ne. Ranar da aka buɗe soron, likkafar gidanmu ce za ta fara shiga, da takardar ajiya da sunan jikata.